Zan tuƙa iyalina daga Kano zuwa Haɗeja a lokacin hazo, ina neman shawara

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata takwas ke nan da Allah Ya hore mini mota, ƙarama ce 'yar Kwatano mai giyar otomatik, kuma tun ranar da na karɓi lasisi ban taɓa fita da ita wajen birnin Kano ba. Iyakacina daga gida zuwa makaranta, sai kasuwa, sai gidajen 'yan'uwa ranar Juma'a. To ga shi a ƙarshen watan Disamba za a ɗaura auren ƙanena a Haɗeja, kuma ni ake sa ran zan ɗauki mahaifiyarmu da maiɗakina da yara uku, ƙaramar cikinsu ba ta cika shekara ɗaya ba.

Abin da ya sa na kasa samun natsuwa shi ne wani abu da ya faru da ni makon jiya a kusa da kasuwar 'Yankaba. Wayata ta yi ƙara, na sunkuyar da ido don in ga mai kira, kafin in ɗago kai mai adaidaita sahun da ke gabana ya tsaya cak don ya ɗauki fasinja. Na taka birki har taya ta yi kuka, kuma abin da ya rage tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba. Ba a taɓa kowa ba, amma na isa gida hannuwana suna rawa, na ce wa kaina idan haka ta faru ina tafiyar cikin gari, me zai faru a babbar hanya?

Saboda haka nake roƙon masu sani su faɗa mini abin da ya kamata in saba da shi kafin wannan tafiya. Wane lokaci ya fi dacewa in tashi, tunda hazo ya fara sauka? Yaya ake wuce tirela a hanyar da motoci masu zuwa da masu komawa suke raba kwalta ɗaya? Sannan akwai maganar bel: mahaifiyata ba ta yarda ta ɗaura, takan ce abin da Allah Ya rubuta babu igiyar da za ta hana shi, ni kuma ina jin nauyin yi mata musu. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tsoron da ka ji a 'Yankaba alheri ne, ka riƙe shi. Na yi shekaru masu yawa ina jan motar haya tsakanin Kano da garuruwan gabas kafin ido ya ce in zauna a gida, kuma yawancin abokan aikina da muka sallata gwanaye ne, gwanintar ce ta cire musu tsoro.

Ka fara da lokacin tashi. Mutanenmu suna son sammako, a idar da sallar asuba a kama hanya, amma ka tuna Haɗeja gabas take da Kano. Wanda ya tashi da sassafe zai yi tafiyarsa rana tana fitowa a cikin idonsa, ga hazo ya kwanta a ƙasa, ga ƙura a jikin gilas, har mutum ya kasa bambanta amalanken shanu da inuwar bishiya. Ka bari sai wajen ƙarfe tara, rana ta ɗaga, hazo ya ɗan yaye. A dawowa kuma abin juyawa yake yi: wanda ya baro Haɗeja bayan la'asar zai fuskanci rana tana faɗuwa, sannan magariba ta riske shi a hanya, kuma babu lokacin da na fi tsoro kamar tsakanin magariba da isha, domin a nan ne masu keke da masu babur marasa fitila da dabbobin da ke komawa gida suke cika gefen titi. Idan biki ya ja ku har yamma, ku kwana. Gidan biki ba ya rasa tabarma.

Cikin hazo ka kunna fitilarka ko da rana ce, amma gajeriyar fitila, domin doguwar tana dukan ƙura ta dawo maka cikin ido, sai ka ga fari fat. Amfanin fitilar a nan shi ne mai tahowa ya gan ka tun daga nesa.

Batun wuce tirela shi ne zan daɗe a kansa, domin a nan ake mutuwa. Kuskuren sabon direba shi ne ya manne a gindin babbar mota yana leƙe, alhali idan ka matse ta ba ka ganin gaba, shi ma direbanta ba ya ganinka. Matuƙar ba ka hango madubinsa na gefe ba, to ka tabbata bai san kana nan ba. Ka ja baya sosai har hanya ta buɗe maka, ka hango nesa. Kada ka wuce a kwana, ko a kan gada, ko a hawan tudu, ko a bakin gari, ko inda layin tsakiyar titi ya miƙe bai yanke ba. Idan ka ga hanya fayau, ka duba madubi don kada wani ya riga ka fitowa daga baya, ka sa sigina, ka yi oda, ka fita da ƙarfinka gaba ɗaya, kada ka tsaya jinkiri a gefenta. Tirela doguwa ce, kuma motarka da lodin mutane da kayan biki ba za ta amsa totur kamar yadda take amsawa kana kai kaɗai ba. In zuciyarka ta ce maka “ko zan iya?”, to amsar ita ce ba za ka iya ba, ka koma layinka.

Wasu direbobin manyan motoci sukan kunna maka sigina wai su nuna maka hanya ta yi kyau. Ka gode musu a zuciyarka, amma kada ka fita sai idonka ya gani, domin ma'anar siginar ta bambanta daga direba zuwa direba, kuma wani kwana zai yi da gaske. Haka nan idan motar gabanka ta fita ta wuce, kada ka bi bayanta a makance. Ratar da ta ishe ta ba lallai ta ishe ku ku biyu ba.

Hanyar za ta bi da kai ta Gezawa da Ringim da Taura da Gujungu. Kowane gari ka tunkara ka sauke ƙafa tun kafin ka shiga, akwai tudun rage gudu da ba a yi masa fenti ba, akwai yara masu talla da ke rugowa bakin mota. Ranar Lahadi kasuwar Gujungu take ci, kuma ranar kasuwa titi ba naka ba ne, na 'yan kasuwa ne da awakinsu. Idan ka ga an jera ɗanyen ganye ko duwatsu a kan kwalta, alama ce mota ta lalace a gaba. Idan akuya ko kaza ta faɗo maka kana cikin gudu, ka rage iya abin da za ka iya a miƙe, kada ka fizge sitiyari; akuya ana biyan kuɗinta.

Mai gaggawa zai zo bayanka yana oda yana walƙa maka fitila. Ka matsa dama ka ba shi hanya, kada ka ɗauki abin a matsayin raini. Sau da yawa na sake tarar da irinsu a gaba, wani lokaci a shingen jami'an tsaro, wani lokaci a cikin rami.

Bakanike Mai Gareji ya amsa:

Baba ya gama magana a kan tuƙi, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ni kuma, Malam, zan ja hankalinka zuwa ga motar kanta, musamman tayoyi, tunda ka ce 'yar Kwatano ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka kai ta gareji mako guda kafin bikin, domin idan aka canza wani abu ka samu kwanakin gwada ta a cikin gari.

Ka durƙusa ka duba jikin kowace taya, za ka ga rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta yana nan raɗau. Mutane suna yaudaruwa da zane, alhali roba tana bushewa ta tsattsage daga ciki, kuma taya irin wannan za ta yi maka shekara a cikin gari ba ta ce komai ba, ranar da ta yi awa guda tana gudu a kan kwalta da lodi, ranar za ta fashe. Wani abin lura kuma, wasu tayoyin da ke zuwa a jikin motocin Turai an yi su ne domin lokacin ƙanƙara, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinsu, robarsu tana da laushi, ba ta son zafin ƙasarmu.

Game da iska, kada ka bar wa mai faci ya auna da bugun hannu ko da ƙarfe. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙinta akwai takarda da kamfani ya manna mai nuna adadin iskar da ta dace, kuma a auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari a tafiya mai nisa, domin gefen tayar yana lanƙwasa yana ɗumama har ya rabu. Ka duba safaya ita ma, na sha ganin mai mota ya fito da ita a daji ya tarar babu iska ko kaɗan, ko kuma babu jak.

Idan Allah Ya ƙaddara taya ta fashe kana tafiya, ƙafarka za ta ruga kan birki da kanta, kuma wannan ne yake kifar da mota. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu da ƙarfi, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu don kanta, sai ta yi sanyi sannan ka taɓa birki sannu ka gangara gefe.

Sauran kuwa sanannu ne: man birki, ruwan lagireto, baƙin mai, fitilun baya da na birki, da robar waifa. Ka zuba ruwa a tulun wanke gilas, domin idan ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, gilas ɗin zai karce ya ƙara maka duhu. Ka tafi da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, jami'an hanya suna tambayarsu, kuma ko ba su tambaya ba ranar buƙata ba ta sallama.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam, na ƙirga mutanen da ka lissafa, na ga ku shida ne, ƙaramar mota kuwa bel biyar gare ta. Na san abin da aka saba, za a ce jaririya ai a cinyar uwarta take, ba a ƙirga ta. Ni a sashen gaggawa nake aiki, kuma wannan lissafin ne na fi ganin sakamakonsa.

Idan mota tana tafiyar kilomita 50 a awa ta daki wani abu ta tsaya, duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma dukan da zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe ɗa a wannan hali, komai ƙaunar da take masa. Idan kuma uwar ba ta ɗaura bel ba, nauyin jikinta ne zai danne yaron a jikin kujerar gaba. Mafi muni shi ne a zauna da jariri a kujerar gaba a motar da ke da jakar iska, domin jakar tana fashewa ne da ƙarfin da aka auna don ƙirjin babban mutum. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 wurinsu baya ne. Shawarata ita ce ka nemi kujerar jarirai, ko ta gwanjo ce ko aro, a ɗaure ta a baya tana fuskantar baya, sannan babban yaronku ya bi motar wani ɗan'uwa. Ka kuma kulle ƙofofin baya da makullin yara, yana nan a gefen ƙofar idan ka buɗe ta.

Game da Hajiya, kada ka yi mata musu a kan ƙaddara, gaskiya ta faɗa, kuma ba za ka ci nasara ba. Ka tuna mata cikin ladabi da hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. Idan wannan bai isa ba, ka faɗa mata abin da ya sa tawa mahaifiyar ta sauko: wanda bai ɗaura bel a baya ba, idan aka yi karo, jikinsa ne yake dukan na kusa da shi da na gabansa. Tsohuwa za ta iya sayar da ranta, amma ba za ta yarda ta zama sanadin raunin jikarta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi.

Wayar da ta kusa jefa ka cikin masifa, ka miƙa ta ga maiɗakinka tun daga ƙofar gida. Ranar biki kira ba ya yankewa, kowa yana tambayar kun iso ina, sai ta riƙa amsa musu. Kada ka sha maganin mura mai sa barci a daren tafiya ko da safe, lokacin hunturu ne, mutane da yawa suna sha ba su karanta takardar ba. Idan ka fara hamma ko ka ga ba ka tuna garin da ka wuce yanzu ba, goro da shayi ba za su cece ka ba, ka tsaya a cikin gari ka runtsa ko na minti ashirin ne.

Za ka wuce ta Majiya. A can ne a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Idan ka tarar da tanka ta faɗi ko tana yoyo, kada ka tsaya kallo, kada ka ratsa ta cikin man, ka yi nisa sannan ka kira 122, lambar gaggawa ce ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma kyauta ce.

Malamin Lissafi ya amsa:

Ina neman afuwar Baba, akwai wuri ɗaya da nake ganin ya kamata a ƙara bayani. An yi ta cewa a rage gudu, amma sabon direba zai iya fahimtar cewa rarrafe shi ne tsira, alhali wanda yake tafiyar 40 a babbar hanya yana tara motoci a bayansa, yana tilasta musu wucewa a inda bai dace ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman. Idan hanya tana da kyau kuma ana gani, ka riƙe 70 zuwa 80.

Ga lissafin da ya sa bai kamata a haura ba. A gudun 80, mota tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, wato kallon waya na daƙiƙa uku tafiyar mita 66 ce ido a rufe. Nisan da birki yake buƙata kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: wanda yake 120 yana buƙatar fiye da ninki biyu na abin da mai 80 yake buƙata kafin ya tsaya. Ribar kuwa kaɗan ce, domin a tafiyar kilomita 150, bambancin mai 80 da mai 100 bai wuce minti 22 da rabi ba.

Don auna rata, ka zaɓi wata bishiya ko turken wuta, idan motar gabanka ta wuce shi ka fara ƙirga daƙiƙa. In ka iso kafin ka ƙirga uku, ka matse ta da yawa. Cikin hazo ka mayar da ita biyar ko shida.

Tsohon Direba ya sake amsawa:

Malam mai lissafi, babu afuwa a kan gaskiya, na yarda da kai. Sai dai allon gudu bai san hazo ba. Ranar da ba ka hango abin da ya wuce turken wuta biyu ba, 80 ɗin nan ta zama ganganci. Ka yi gudun da za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonka yake gani, idan kuma layi ya taru a bayanka, ka sami wuri mai faɗi ka ratse su wuce.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Jiya bayan an tashi daga makaranta na durƙusa na duba tayoyin kamar yadda aka ce. Biyun gaba 2022 ne, amma na baya ɗaya 1416 aka rubuta, ɗayar kuma tana da hoton ƙanƙarar nan, safaya kuwa a lotse na same ta. Na yi magana da mai taya, zan canza biyun baya idan albashi ya shigo, ko da zan rage abin da na yi niyyar kai wa gudummawar biki.

Wata abokiyar aikin maiɗakina ta yi alkawarin ara mana kujerar jarirai, babban yaron kuma zai bi kawunsa. Na kai wa Hajiya maganar raƙuma, ta yi dariya ta ce yaushe na zama mai wa'azi, amma da na ambaci jikarta sai ta yi shiru, daga baya ta ce a nuna mata yadda ake ɗaurawa a kan mayafi. Ranar Asabar ɗin nan zan fita ni kaɗai da hantsi in kai Gezawa in dawo, don in gwada ƙirgar daƙiƙa uku da zama a bayan tirela ba tare da na matse ta ba. Baba, ɗaurin auren ya faɗo ranar Lahadi ne da ƙarfe sha ɗaya, don haka na yanke shawarar mu tafi tun ranar Asabar saboda kasuwar Gujungu, mu dawo Litinin da safe rana tana bayanmu.